Sabon Tafinta Tsakanin Ɗalibai da Shugabannin Jami'a

  Ya 'yan'uwa, ku sani wani al'amari ya ɓullo cikin manyan makarantun duniya, wanda ya kamata mu dube shi tun bai iso ƙofar gidajenmu ba. Al'amarin kuwa shi ne, jami'o'i sun soma danƙa wa na'ura aikin tattara maganganun ɗalibai a kan malamansu da karatunsu, ita ta karanta, ta tace, sa'an nan ta kai wa shugabanni abin da ta ga ya cancanci a kai. Wannan fasaha ita ce a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. 'Ya'yanmu na Romi da Sabon Tasha da Gonin Gora su na karatu a Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda ita ce ta 1962, kuma gumin iyayensu ne ke biyan kuɗin. Wanda ya biya kuwa ya na da hakkin ya san wa ke sauraron ɗansa in ya yi kuka.

Bari mu fara da asalin abin. Tambayar ɗalibai ra'ayinsu a kan malami ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Turawa. Tun wajen shekarun 1920 aka soma shi a Amurka, a jami'o'i irin su Purdue. A Ingila kuwa tun 2005 a ke raba wa ɗaliban shekarar ƙarshe na ƙasar tambayoyi iri ɗaya kowace shekara. Yadda a kan yi shi ne, in zangon karatu ya ƙare sai a ba ɗalibi takarda, ko a aika masa ta waya. Takardar kashi biyu ce. A kashin farko ya kan ba malami maki, galibi daga ɗaya zuwa biyar. A kashi na biyu an bar masa fili ya rubuta abin da ke ransa. To, maki ba shi da wuyar tarawa, ko yaro ya iya. Amma rubutun mutum dubu goma, wa zai zauna ya karance shi? Saboda haka shekara da shekaru a kan ɗauki makin a ajiye rubutun, alhali kuwa a cikin rubutun ne gaskiyar magana ta ke.

Nan ne na'ura ta sami shiga. Yadda a ke horar da ita, a kan tara maganganu masu yawa, mutane su bi su ɗaya ɗaya su na sa musu alama: wannan yabo ne, wannan suka ce, wannan tsaka-tsaki. Sa'an nan a ɗura wa kwamfuta, ta yi ta bita har ta gane kalmomin da su kan zo tare da yabo da waɗanda su kan zo tare da suka. Daga nan in an ba ta sabuwar magana sai ta sa mata alama da kanta. Waɗansu manhajojin kuma su kan kasa maganganun gida gida: na jarrabawa daban, na ɗakin kwana daban, na halin malami daban. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, kamar Explorance na birnin Montreal a Kanada, mai sayar wa jami'o'i irin wannan manhaja. Tun da kuma ChatGPT ya fito cikin watan Nuwamba 2022, na'urori su ka iya taƙaita dubban maganganu cikin shafi guda, da lafazi mai daɗi kamar mutum ne ya rubuta.

Har Hausarmu an riga an taɓa. A 2022 waɗansu masana biyu, Ochilbek Rakhmanov na Jami'ar Nile ta Abuja da Tim Schlippe na wata jami'a a Jamus, sun bayyana aikin da su ka yi a kan maganganun ɗalibai fiye da 40,000, da Turanci da Hausa. Sun horar da na'ura ta rarrabe su, har su ka ce ta dace da kashi 97.4 cikin ɗari. A wannan shekara kuma Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa su ka fitar da wani tari mai suna NaijaSenti, na gajerun maganganun mutane a Twitter cikin Hausa da Igbo da Yarabanci da Turancin buroka, wajen 30,000 ga kowane harshe, domin koya wa na'ura gane daɗin rai da ɓacin rai. Waɗannan ayyuka ne na ƙwarai, kuma su na nuna abin ya matso.

Ba na cikin masu cewa a kore shi don kawai sabo ne. Mu malaman allo mun san darajar jin muryar mai karatu. A zaure, kowane yaro ya kan zo gaban malami da allonsa ya biya, malam ya ji inda harshensa ya karkace, ya ga fuskarsa in bai gane ba, ya kuma san ranar da ya zo da yunwa. A makarantar ilmi kuwa ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa, in bai gamsu ba ya naɗe buzunsa ya koma wani zaure, malam kuma ya fahimci saƙon ba da an faɗa masa ba. Ɗan jami'a ba shi da ɗayan biyun nan. Ya na zaune cikin ɗaruruwa a babban ɗaki, malami bai san sunansa ba, shi kuma ba shi da ikon sake malami. In dai har na'ura za ta sa a karanta abin da ya rubuta maimakon a jefa shi cikin kwali, to, ta yi amfani, mu kuwa ba mu ƙi ba.

Amma ya kamata mu san matsayinta. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin Turawan mulki, sa'ad da talaka ke zuwa gaban Di'o da ƙara, shi bai ji Turanci ba, Bature bai ji Hausa ba, sai tafinta ya tsaya tsakani. Abin da tafinta ya faɗa shi ne abin da Bature ya ji, abin da ya haɗiye kuwa ya tafi ke nan. Ga shi kuma tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Maghili ya rubuta masa nasiha, babban abin da ya nanata ciki shi ne kada mai mulki ya bari a yi shamaki tsakaninsa da talakawansa. Wannan na'ura tafinta ce. Ta na iya zama hanyar da kukan ɗalibi zai isa ofishin shugaba, ta na kuma iya zama labulen da shugaba zai ɓuya bayansa ya ce ai an ji. Akwai mas'aloli biyar da za su nuna wanne za ta zama.

Mas'ala ta farko, harshe. Maganganun nan 40,000 da aka ambata, asalinsu da Turanci ɗalibai su ka rubuta, daga baya aka juya su zuwa Hausa. Hausar fassara kuwa daban ta ke da wadda yaro ke yi in ransa ya ɓaci. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da girmama malami, saboda haka ɗan Hausa ba ya cika fitowa fili ya ce malam bai iya ba. Sai ya ce malam ya na ƙoƙari, ko ya ce ba laifi. Wani ma ya rubuta, “Allah ya saka wa malam da alheri, mun gan shi har sau biyu a zangon nan.” Duk mai jin Hausa ya san wannan habaici ne, ma'anarsa malam ba ya zuwa aji. Na'urar da ta saba ganin addu'a tare da yabo kuwa sai ta jefa maganar cikin kwandon yabo. Daɗa ga shi a nan kudancin Kaduna yaro ɗaya ya kan haɗa Hausa da Turanci da buroka cikin magana guda, wani kuma harshen gidansu Gbagyi ne ko na Bajju ko na Atyap, waɗanda rubutunsu kaɗan ne ƙwarai a intanet, balle na'ura ta koya. Har ma in mun karɓi ma'aunin nan na 97.4, ma'anarsa cikin kowace magana dubu ta kuskure 26, cikin 40,000 kuwa kuskuren ya haura dubu ɗaya. Kowace ɗaya cikinsu mutum ne ya zauna ya rubuta.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce na'ura da yawa ta ke aiki, alhali mafi munin ƙara ba ta zuwa da yawa. In ɗalibai ɗari uku sun ce fanka ta lalace, yarinya ɗaya kuma ta rubuta a kaikaice cewa wani malami ya na kiranta ofis bayan an tashi, taƙaitawar na'ura za ta sa fanka a sama, ta yarinyar kuwa ta nutse cikin abin da a ke kira sauran maganganu. Wannan ba zato ba ne a ƙasarmu. Cikin watan Disamba 2018 kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife shekara biyu saboda neman ɗaliba da lalata a madadin maki, kuma abin bai tonu ba sai da ita ɗalibar ta naɗi muryarsa a waya. Cikin watan Oktoba 2019 kuma gidan rediyon BBC ya fito da binciken ɓoye a kan irin wannan ɓarna a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. A duka biyun, hanyar kai ƙara ta cikin gida ba ita ta fara tona asiri ba. Saboda haka duk jami'ar da za ta ɗauki na'ura, lalle ne ta sa amintattun mutane, maza da mata, su karanta da idonsu duk maganar da ke da ƙanshin cin zarafi, ko karɓar kuɗi, ko tilasta sayen takardun malami, ko yaron da ya nuna ya gaji da rayuwa. Irin wannan ba a auna shi da mudu.

Mas'ala ta uku, amana. A kan ce wa ɗalibi ya faɗi gaskiya ba wanda zai san shi ne. Amma da lambarsa ta makaranta ya shiga manhajar, kuma kwamfuta ba ta mantuwa. In aji na mutum shida ne, ko ba suna malami ya san salon kowa. Maganar kuma sau da yawa ba a makaranta ta ke kwana ba, a rumbun wani kamfani ne a wata ƙasa. Makomar ɗalibi ta na hannun mai ba shi maki, in ko ya ji ƙishin-ƙishin an gane wani an rama a kansa, daga ranar ba wanda zai sake rubuta kome sai godiya, na'ura kuma ta kai wa shugabanni labari cewa kowa ya gamsu. Ƙasarmu ta na da dokar kare bayanan mutane, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin watan Yuni 2023, har aka kafa hukuma dominta. Ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai da iyaye su tambayi kowace makaranta a fili: wa ke iya ganin sunan mai magana, ina a ke ajiye maganar, kuma yaushe a ke shafe ta?

Mas'ala ta huɗu, hakkin malami, don shi ma ɗan wani ne. Duk wanda ya taɓa karantarwa ya san yaro ya fi son malamin da ke sakar masa fuska a kan wanda ke tsare shi sai ya gyara. Alaramman da ke mai da gardi baya saboda wasali guda ba ya samun yabo a ranar, sai bayan shekara ashirin. Masana na Turai ma sun tabbatar da wannan. Wani bincike da Bob Uttl da abokansa su ka buga a 2017, wanda ya haɗa sakamakon bincike masu yawa, ya nuna babu wata alaƙa ta kirki tsakanin makin da ɗalibai ke ba malami da yawan abin da su ka koya. A wata jami'a kuma ta jihar North Carolina a Amurka an gwada karatu ta intanet, inda ɗalibai ba sa ganin mai koyarwa, aka musanya sunan namiji da na mace, sai ga shi sunan namiji ya fi samun maki ko da mace ce ke bayansa. An buga wannan a 2015. A 2018 kuwa mai sulhu ya yanke hukunci a Jami'ar Ryerson ta Toronto, wadda aka sake wa suna daga baya, cewa kada a ƙara auna gwanintar malami da waɗannan takardu wajen ƙarin girma. To, in son zuciya na cikin abin da aka zuba wa na'ura, shi za ta fitar, sai dai ta sa masa rigar lissafi, mutane su ɗauka gaskiya ce tsantsa. A garin da kowa ya san yadda bambancin addini da ƙabila ya taɓa raba mu tun rikicin shekarar 2000, har kogi ya zama kamar iyaka, wajibi ne a yi hattara kada ƙiyayyar da ba ta shafi karatu ba ta shiga ta wannan ƙofa ta ci malami. Dokar nan ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum hakkin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura ita kaɗai. Malami ma ya na cikin masu wannan hakki.

Mas'ala ta biyar ita ce uwar sauran, watau amsa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, ciwon makarantunmu rashin jin kuka ne, ko kuwa rashin share hawaye? A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara kuɗin makarantunta, mafi ƙanƙanta a jami'ar jiha ya koma naira 150,000. Ɗalibai su ka fito titi, iyaye su ka koka, jaridu su ka buga. Ba wanda ya bukaci kwamfuta kafin ya san abin da ke ran yara. Sai cikin watan Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa naira 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya kuma daga 100,000 zuwa 50,000. Abin da ya kawo sauyin shi ne mai iko ya yanke shawara. Haka nan a 2022 malaman jami'o'i su ka yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ɗaliban Zariya su na zaune a gida, kukansu kuwa har kurma ya ji. Tun 2004 gwamnatin tarayya ta kafa SERVICOM don karɓar koke-koken jama'a a ma'aikatunta, akwatunan ra'ayi kuma ga su nan rataye a bangon ofisoshi. Kunnuwa ba su yi mana kaɗan ba. In aka ƙara kunnen ƙarfe a kan waɗannan, hannu kuwa bai motsa ba, an dai ƙara kashe kuɗi ne, an kuma koya wa yara cewa magana ba ta da amfani. Wannan darasi kuwa ya fi kowace hasara, don da shi za su fita su riƙe ƙasa.

Saboda haka ga shawarata ga shugabannin manyan makarantunmu na Kaduna da Zariya, in ranar ta zo da za su ɗauki wannan tafinta aiki. Su fara gwada shi da maganganun ɗalibansu na ainihi, su sa masu jin Hausa da buroka su bi bayansa su ga inda ya ke tuntuɓe, kafin su amince da shi. Su bar yaro ya rubuta da harshen da ya fi iyawa. Shugaban sashe ya ɗauki wani kaso na maganganun ya karanta da kansa kowane zango, kada ya dogara ga taƙaitawa kaɗai, don an san irin waɗannan na'urori su kan ƙaga abin da ba a faɗa ba. Kada a hukunta malami sai an ji ta bakinsa, an kuma shiga ajinsa an gani. Sa'an nan, wanda ya fi duka, a farkon kowane zango a kafa takarda a allon sanarwa, a rubuta: ga abin da ku ka ce, ga abin da mu ka yi, ga wanda ba mu iya ba da dalilinsa. Makarantar da ba ta shirya kafa wannan takarda ba, gara ta riƙe kuɗinta ta gyara famfo.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yana, in an ba ku fili ku yi magana, ku yi ta da adalci. Ku faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ku bar zagi da ƙage, kada kuma ku sa wata na'urar ta rubuta muku, don in na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, to, ba sauran mutum a cikin zancen. Girmama malami ba ya hana faɗin gaskiya cikin ladabi. Iyaye kuma, in yaro ya dawo hutu, a tambaye shi ko an taɓa neman ra'ayinsa a makaranta, in an nema kuma me ya biyo baya. Amsar da zai bayar ta isa ta nuna muku ko tafinta na isar da saƙo.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji da hannun aikatawa, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, ya zaunar da garinmu lafiya, kudu da arewa. Haza wassalamu.